Ranar da Kaka Ta Hana a Ƙirga Mu

Tun da na shiga takaba, in na idar da sallar la'asar sai in ja kujera kusa da tagar falo in zauna ina kallon ginin da ake yi a gabanmu. Lokacin da muka tare a unguwar Bani Harisa, a nan Madina, fili ne a wurin, da waɗansu tsofaffin itatuwan dabino, in iska ta kaɗo har ƙamshin na'ana'a take kawo mana daga gonakin bayan unguwa. Yanzu babu abin da ke shigowa ta tagar sai ƙarar injin kwaɓa siminti da kiraye-kirayen leburori cikin harsunan da ban sani ba. Bene ya hau kan bene har ya tare mini dutsen Uhudu, wanda a da nake hangowa ina yankan albasa. Ban ɗora wa kowa laifi ba. Jama'a ta yi yawa, kowa kuma yana son maƙwabtaka da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, to ina za a zuba su? Abin da ke damuna daban ne. Iƙamata, wato takardar izinin zama a ƙasar nan, a ƙarƙashin ta maigidana take, Allah Ya jiƙansa. Ranar da aka kai shi maƙabartar Baƙi'a, tawa iƙamar ta fara mutuwa. A Madina aka haife ni, a Madina na yi furfura, amma da zarar na fita takaba sai in fita garin. Ni kuwa tun tasowata ban taɓa roƙon Allah wani babban abu ba illa Ya kwantar da ni a Baƙi'a, inda iyayena suke, inda yanzu shi ma yake.

'Yata ta fari, wadda ita kaɗai Allah Ya bar mini, tana Amurka da mijinta da yaransu. Ba a irin manyan biranen nan da ake nunawa a talabijin suke ba. Wani ƙaramin gari ne a tsakiyar gonakin masara, sunansa ma ya ƙi zama a bakina. Ta daɗe da nema mana takardun zuwa can, babanta ne ya ce shi ba inda za shi. Takan kira ni kafin magariba, su can hantsi ne, tana hanyar asibitin da take aikin harhaɗa magunguna. Sai ta jingina wayar a gaban mota tana nuna mini titi.

"Umma, kin ga nan? Bara masara ce. Dubi yanzu."

In na duba sai in ga gidaje jere, fasali ɗaya, launi ɗaya, kamar daga kwali ɗaya aka zazzago su, ko inuwar bishiya babu. Ta ce tun da aka kafa wata masana'anta da manyan ɗakunan ajiyar kaya a gefen garin, mutane ke ta kwararowa. Akwai 'yan Meksiko, akwai Somaliyawa, akwai Indiyawa, akwai Turawan da tsadar babban birni ta koro. Makarantar yara ta cika har an jera musu azuzuwan wucin gadi a filin wasa. Ta ce albashin can in an faɗa maka sai ka ce an yi arziki, amma gida kaɗai yake haɗiye shi, miji na aiki, mata na aiki, ba mai ganin wani sai ranar hutu. Masu shara da masu ɗaukar kaya kuwa ba sa iya kama haya a cikin gari, suna can bayan titin jirgin ƙasa cikin irin gidajen nan da ake ja da mota, iyali kan iyali. Akwai wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarsu da takan kawo musu tumatir daga lambunta, a garin aka haife ta, a gidan ta yi aure. Da gidaje suka yi daraja sai harajin gidanta ya tashi ya fi ƙarfin ɗan fanshonta. Ta sayar, ta koma wurin ɗanta a wata jiha mai nisa. Ranar tafiyarta 'yata ta fita yi mata sallama, ta tarar da ita tsaye a bakin lambun. Waɗanda suka sayi gidan ba su yi mako ba suka sare tuffar da ke tsakar gidan, wai za su faɗaɗa wurin ajiye mota. Ban san matar nan ba, ko addininmu ba ɗaya ba, amma ranar da na ji labarinta na kasa cin abinci.

Sannan wata rana 'yata ta tsaya a bakin gari ta nuna mini wani koren allo, an rubuta sunan garin, a ƙasa kuma yawan mutanen da ke cikinsa.

"Umma, nan kowa a ƙirge yake. Sun san yawanmu, sun san shekarunmu, sun san abin da kowane gida ke samu, da launin kowa. Da haka suke sanin inda za a gina makaranta. Wannan allon ma ya tsufa, mun ninka haka."

Na ce mata, "Ki ce masha Allahu, 'yar nan." Ta yi dariya ta faɗa. Ni kuwa Kaka ce ta faɗo mini a rai, ban kuma rabu da ita ba har yau.

A hoshi na taso, wato irin tsohuwar unguwar Madina da gidaje ke kewaye da fili ɗaya, ƙofar shiga ɗaya. Tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa Harami. Yawancinmu Hausawa ne da Barebari da Fulani, waɗanda Larabawa ke haɗawa su ce mana Takari, sai gida ɗaya na mutanen Buhara masu gasa burodin tamis. Ba agogo ke tashe mu ba. Bayan kiran asalatu sai kukan tattabaru, sai injin ban ruwa na gonakin dabino ya fara tuk-tuk daga nesa, sai mai ruwa ya shigo da garwa biyu a sanda yana kira, sannan turame su ɗauka. Ina iya bambanta dakan kowace mace a hoshin nan ko ina cikin ɗaki. Aikina shi ne wanke gilashin fitila, da cika tulu, da yayyafa ruwa a tsakar gida da yamma don ƙasa ta huce. In lokacin alhazai ya matso, mu kwana biyu muna soya gyaɗa da yashi, muna ƙulla ta a takarda, hannuwanmu duk gawayi, Kaka ta ɗauka a tire ta zauna a hanyar masu ziyara. Da magariba kwanuka ke yawo, daga wannan gida zuwa wancan, ba sa dawowa babu komai a ciki. Tuwo ya tafi, shinkafar Buhara ta dawo. Yanzu a benen nan da nake, shekara da shekaru, ban san sunan matar da ƙofarta ke kallon tawa ba. Ranar da aka fitar da gawar maigidana ta leƙo ta ce "Allah yarhamu," ta mayar da ƙofa. Ban ga laifinta ba, ita ma baƙuwa ce, wataƙila baɗi ba ta nan.

Abu ɗaya ne ba a yi a hoshinmu, musamman a gidanmu: ba a ƙirga mutane. In baƙuwa ta tambayi mace, "'Ya'yanki nawa?" amsar ita ce, "Alhamdu lillahi." In ta nace a ce mata, "Suna nan, na Allah." Ko abinci za a raba, ba a nuna yara da yatsa ana ɗaya, biyu. Sai dai a zuba a ce ku matso. Na taɓa dawowa daga makaranta da sabon lissafi a kaina na fara ƙirga ƙannena a kan tabarma, ban kai ƙarshe ba na ji mafici a bayana. Kaka ce, mahaifiyar Baba. Ita da ƙafa ta zo daga wajen Haɗeja, ta ratsa Chadi, ta yi shekaru tana tsinkar auduga a Sudan kafin a tara na jirgin ruwa. 'Yar siririya ce, ba ta da haƙora, amma in ta ce a'a a gidan nan ko Baba ba ya ƙara kalma. Takan ce, "Wanda Ya ba ni su Ya san yawansu, ba sai na tuna maSa ba."

Wata safiya da hantsi ina tsugune ina tsince tsakuwa daga shinkafa, sai ga umda, wato mai unguwarmu, ya shigo hoshi da waɗansu mutum biyu masu fararen riguna, ɗaya da babban littafi a hammata. Dama an kwana biyu ana raɗe-raɗin za a zo rubuta mazauna, da waɗanda aka haifa a garin, wai waɗanda suka daɗe za a iya ba su takardar zama 'yan ƙasa. Suka fara da gidan Malam, baban ƙawata Talatu. Ina hango shi ya fito da yaransa ya jera su a jikin bango, har da na goye, ana tambaya yana amsawa. Talatu tana ciki tana yi mini gwalo don ta sa sabuwar riga.

Kaka ta fizge tiren shinkafar daga hannuna.

"Ku shige ƙurya, dukanku. Wanda ya yi tari sai na murɗe masa kunne."

Muka shige bayan buhunan dabino, ni da ƙannena, muna toshe baki don dariya. Mu a wurinmu wasan ɓuya ne. Ta wata 'yar kafa a jikin ƙofa nake kallon zaure, inda Baba yake zaune a kan keken ɗinkinsa, don tela ne. Kaka ta je ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe gefunanta biyu da hannuwanta.

Umda mutumin kirki ne, mai ƙiba, mai son raha. Ya yi sallama da Larabci ya ce, "Ya Hajja, ba haraji muka zo karɓa ba, ba kuma soja muke nema ba. Sunaye kawai, da yawan mutanen gida."

Kaka tana jin Larabci sarai, amma in ranta ya ɓaci Hausa take yi. Ta dubi Baba ta ce, "Gaya masa ni ba awaki nake kiwo ba."

Baba ya yi gyaran murya ya ce wa umda, "Ta ce an gode, Allah Ya saka da alheri."

Umda ya ƙyalƙyale da dariya har tumbinsa na rawa. "Ya shehu, na ji awaki a ciki. Shekara nawa ina cin tuwonku, kake tsammani ban tsinci komai ba?"

Baba ya tashi daga kan keken ya durƙusa a gabanta, ya rage murya. "Inna, don Allah ki yi haƙuri. Alheri ake nufin yaran nan da shi. Ga gidan Malam can duk sun bayar."

"Gidan Malam ba su binne kowa a hanya ba."

Daga nan dariyarmu ta tsaya, don ba mu taɓa jin muryarta haka ba. Ta ce, "A bakin wata iyaka wani mai kaki ya ce in jera ku in ƙirga, in ba haka ba ba za mu wuce ba. Da hannun nan na dafa kawunanku ɗaya bayan ɗaya, da bakin nan na faɗi yawanku. Kafin mu ga teku biyu babu. Yayarka a gindin wata ƙaya na bar ta, likkafani ma babu, da zanena na naɗe ta, da ƙoƙo na tona ramin. Kai kana goye, ba ka sani ba. In kana son ƙirga naka, jira in mutu."

Baba ya sunkuyar da kai. Ya ce, "To, Inna."

Daidai nan ƙurar buhu ta shiga hancin ƙanwata ta saki atishawa. Umda ya karkata kai wajen ƙuryar ya ce, "Wannan kuma fa, Hajja, tattabara ce?"

Kaka ba ta ƙarya ko da wasa. Ta ce, "Abin da ka ji, ka ji. Yi mata addu'a ka wuce."

Ya ce, "Yarhamukillah," a hankali, babu dariya a wannan karon. Ya yi wa mai littafin alama ya rufe. Ya sake dawowa bayan wani lokaci shi kaɗai, ya zauna da Baba a zaure suka sha shayi, ya ce masa ƙofar nan ba za ta dawwama a buɗe ba. Baba ya ce ya sani, amma ba zai tsallake maganar mahaifiyarsa ba, a bari tukuna. Allah Ya ja kwanan Kaka, ta ga har aurena. Ranar da aka yi bakwai ɗinta Baba ya sa babbar riga ya fita nema, ya yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan. Umda ya riga ya rasu. Duk inda ya je sai a ce masa wannan maganar ta wuce tuntuni. Ya dawo ya hau kekensa, bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Allah.

Ba a rana ɗaya muka gane abin da ya faru da mu ba. Ni da Talatu benci ɗaya muka zauna har ƙarshen sakandare, Larabcinmu ɗaya, kayan makarantarmu ɗaya. Da muka gama, ita ta wuce kwalejin malamai aka ɗauke ta aiki, ni aka ce sai 'yar ƙasa. Na dawo gida, aka yi mini aure da wani bawan Allah da ya zo daga Kano yana tuƙa motar wani kamfani, ban kuma taɓa nadamar aurensa ba. Da aka zo faɗaɗa Harami aka rushe hoshinmu da maƙwabtansa, abin farin ciki ne ga Musulmi, mu ma mun yi murna da bakinmu. Su Malam sun riga sun mallaki gidansu, aka ba su diyya suka yi gini a unguwar Khalidiyya. Mu dama haya muke, muka kwashe tabarmi zuwa unguwar Sih, da hayar can ta yi tsada muka gangaro nan. Mutanen hoshi suka watse kamar an zubar da gero. Waɗansu Jidda, waɗansu Sudan, waɗansu an mayar da su Najeriya da tsufansu, ƙasar da ba su san kowa ba a cikinta. Na taɓa ƙoƙarin nuna wa 'yata inda gidanmu yake, muka yi ta zagaye tsakanin manyan otal-otal, ban gane ba. Na nuna mata wata ƙofar gilashi na ce nan ne, don kada ta ga na rasa.

Akwai lokacin da na riƙe Kaka a zuciya, ina ƙuruciya. Amma da na haihu na binne, na sake haihuwa na sake binnewa, sai na daina. Macen da ta tona rami da ƙoƙo ba a yi mata hisabi da abin da ke cikin littafin hukuma. Abin da ta sani shi ta tsare mu da shi. Allah Ya haskaka kabarinta.

Talatu ba ta yar da ni ba, in faɗi gaskiya. Yanzu kowa Ummu Faisal yake ce mata, ta yi ritaya tana shugabar makaranta, jikokinta ko "sannu" ba su iya ba. Ta zo mini ta'aziyya ta sake dawowa, ranar ta kawo mini ƙullin gyaɗa soyayya don tsokana. Muka zauna a ƙasa, ta cire abaya, ta yi ta juya kofin shayi a hannu. Na san da magana a bakinta.

"Asabe, ya uhti, 'yar'uwata, zan faɗi wani abu, amma kada ki yi fushi."

"Yaushe kika fara neman izini kafin ki ɓata mini rai?"

"Wallahi da gaske nake. Na yi magana da Faisal. Za a iya mayar da iƙamarki kaina, in zama kafilarki, mai tsaya miki. Bas, amma hanya ɗaya ce." Ta kawar da kai. "Sai dai a rubuta ki shaggala."

Wato mai aikin gida. Yarinyar da muka ci tuwo a kwano ɗaya, wadda nake yi wa aikin nahawu tana kwafa. Ta kama hannuna tana kuka tana cewa a takarda ne kawai, wallahi a takarda ne kawai, ɗaki zan samu nawa, ko cokali ba zan ɗaga ba. Na dubi tagar, na tuna inda nake son kwanciya. Me ye a cikin suna, in dai za a sallace ni a Harami?

Na ce, "Na yarda. Dama ke ba ki taɓa iya dama kunu ba, kin daɗe kina buƙatar mai aiki."

Ta kai mini duka a cinya tana dariya da hawaye. "Ji 'yar banza! Gobe ma ki fara da wanke tukwane."

Na yi kwanaki ina jin sanyi a raina. Har na fara ware abin da zan tafi da shi Khalidiyya da abin da zan bayar. Ina sujada ina gode wa Allah da Ya sa zan zama baiwa a takarda. Sai wata rana bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Faisal ne, ya tsaya daga waje saboda takabata. Yana jin Hausa, amma da Larabci yake mayarwa.

Na ce, "Faisal, lafiya? Ina Umman taka?"

Ya ce ta kasa zuwa, ta ce shi ya zo. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya je nan, ya je can, ya nemi wanda ya sani. A ƙarshe ya ce, "Khala," wato inna, "ki yafe mini. Sun ce shekarunki sun wuce na mai aikin gida."

Na ce masa babu komai, ya gaishe ta, ya ce mata kada ta yi kuka. Na ji saukarsa a matakala, na daɗe tsaye a bayan ƙofar hannuna a kan sakata. Ashe har aikatau na tsufa da shi. Mai gidan hayar kuwa tuni ya aiko cikin ladabi yana tambayar ranar da zan tashi, don akwai wani likita ɗan Najeriya da iyalinsa da ke jiran shiga. Na ce a gaya masa su kwantar da hankalinsu, gidan yana da albarka.

Jiya da 'yata ta kira ba a mota take ba, tana gida, ranar hutunta ce. Na gaya mata yadda aka yi da maganar Talatu. Ta yi ƙoƙarin ɓoye murnarta, ba ta iya ba, ban kuma ji haushi ba, uwa take so kusa da ita.

"Umma, bari ki ga ɗakinki. Mun gama gyara shi tun watan jiya."

Ta sauka wata matakala da wayar a hannu. Ɗakin a ƙasan gidan yake, irin wanda suke haƙawa a cikin ƙasa, ta ce duk gidajen garin haka suke, ya fi ɗumi lokacin sanyi. Sun shimfiɗa kafet mai laushi, ga gado, ga banɗaki a ciki. Taga ɗaya ce, 'yar ƙarama, can sama kusa da rufi, ciyawa ake gani ta cikinta da tayar keken yaro. Ta manna wata 'yar takarda a bango.

"Ga alƙibla nan, Umma. Babansu ya auna da kyau."

"Allah Ya yi muku albarka. Masallaci fa, akwai?"

"Akwai. Da shagon sayar da kujeru ne, muke haya. Ranar Juma'a har waje ake yin sahu yanzu, kullum ƙaruwa muke."

"Maƙabarta fa?"

"Haba Umma, wace irin magana ce wannan da safiyar nan?"

"Nan yamma ce. Amsa mini."

Ta zauna a bakin gadon. Ta ce babu tukuna. Musulmin garin duk aiki ne ya kawo su, masu ƙananan yara ne, tun da suka zo ba a taɓa rashin babba ba. In ta faru sai dai a ɗauki mutum a mota zuwa babban birni, tafiya mai nisa, ko a roƙi gefe a maƙabartar Kirista. Ta ce mazan suna ta shawarar sayen wani yanki na gona a bayan gari tun masu gine-gine ba su cinye ba, don kullum filin tashi yake. Amma waɗansu sun ce babu gaggawa, a fara da makarantar Islamiyya, wa zai mutu yanzu?

Na ce, "Duk cikinku babu tsoho ko ɗaya?"

"Babu, Umma. Ai ke ce za ki zama babbarmu, kowa ɗokin zuwanki yake."

Da fara'a ta faɗa. Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta ce, na ga fuskarta ta sauya, ta sa hannu ta rufe baki. Daga nan ladanin unguwarmu ya ɗaga murya, na tsaya ina amsawa har ya gama, ita ma tana saurare daga can, hawaye na zuba mata. Na yi salati, na yi addu'ar bayan kiran salla, na roƙi Allah Ya sa ceton Manzonsa ya iso ni ko a ina ƙasa ta rufe ni.

Sannan na ce mata, "Share idonki, ki saurare ni. Ki gaya wa mijinki ya je wurin masu cewa babu gaggawa. Su sayi filin nan tun ba a gina shi ba. Ya ce musu ga tsohuwa nan tafe."